Tsohon Gado Ba Makamashi Ba Ne: Yadda Ake Mayar da Katakon Pin Sabon Kayan Gida

Darasinmu na wannan fitowa a kan katako yake.

A gidaje da yawa na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, in ka leƙa bayan ɗaki za ka tarar da gado ko tabur ko armuwar wanda ya karye, an jingine shi da bango. Rana ta buge shi, ruwa ya jiƙa shi. Ran da icce ya ƙare, uwargida ta sa gatari ta faskara shi, ta dafa tuwon dare. Katakon da ya yi shekaru yana girma, ya ƙetaro teku, aka sa kuɗi aka saye shi, ya zama toka cikin sa'a guda. Wani lokaci ma hayaƙinsa ya bar wa yara tari.

Alhali kuwa ba katakon ne ya mutu ba. Mahaɗinsa ne ya saki. In an san yadda za a duba shi, a tsabtace shi, a kwance shi, zai iya zama akwatin da ke kare abinci daga ƙuda, ko akwatin renon iri, ko bencin zama.

Daga ina wannan katako yake?

Kayan ɗaki masu araha da ake ƙerawa da yawa a masana'antun Turai, da dama cikinsu da katakon wani icce ake yin su. Faransawa suna rubuta sunansa pin, kuma da wannan suna za mu kira shi. Yana da ɗan uwa mai suna sapin. Halinsu kusan ɗaya ne, don haka abin da za mu faɗa ya shafe su duka.

Pin iccen ƙasashen sanyi ne. Ganyensa siriri ne kamar allura, ba ya zubar da shi gaba ɗaya ko a tsakiyar sanyi. Yana da yawa a Suwidin, Finland, Poland da Rasha. Ana kuma shuka shi gonaki-gonaki a Chile, Brazil da Afirka ta Kudu. Yana tashi miƙe, yana da sauƙin yanka, ba shi da nauyi. Waɗannan ne suka sa masana'antu suke son sa.

Babban kamfanin da ya yi suna a wannan sana'a shi ne IKEA, wanda aka kafa a Suwidin a 1943. Daga baya ya fara sayar da kaya a kwance cikin kwali, mai saye ya je gida ya haɗa da kansa. Wasu kamfanoni suka bi sahu. Ku riƙe wannan magana: abin da aka yi don a haɗa shi a gida, ana iya kwance shi a gida.

Idan masu shi a can sun gaji da shi, ƴan kasuwa su loda shi cikin kwantena tare da tsofaffin firji da katifu. Shekara da shekaru ta tashar jiragen ruwan Kwatano ya fi shigo mana. Tun 2023 da wannan hanya ta sami cikas, kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome. Ban da kayan ɗaki, akwai akwatunan da ake sako injuna a ciki, da shimfiɗar katakon nan da ake ɗora buhuna a kai, wadda ake kira palet. Su ma sau da yawa pin ne ko sapin.

A Turai gyaran irin wannan kaya ya zama abin sha'awa, mutane suna sake musu fenti da siffa don ado. Mu a nan bukata ce. Wanda ya taɓa shiga kasuwar Katako ta Yamai ya san ba yau muka fara mayar da tsoho sabo ba.

Me ya sa yake saurin sakin jiki a ƙasarmu?

Katako yana shan danshi daga iska, yana kuma sakinsa. In ya sha sai ya kumbura, in ya saki sai ya tsuke. An busar da katakon nan daidai da iskar ɗakunan Turai. Da ya iso nan ya gamu da hunturu da bazara, sai ya ƙara bushewa. Katako mai faɗin santimetir 20 yana iya raguwa da milimetir 2 zuwa 4. Da damana ta sauka kuma ya sake kumbura.

Abin lura shi ne, ta faɗi yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya canzawa. To, inda aka haɗa guda biyu, wannan a tsaye wancan a kwance, kowane yana ja ta nasa gefe. Shekara ɗaya, shekara biyu, sai gam ya saki, turakun icce su yi sako-sako cikin raminsu, gado ya fara kuka, tabur ya fara rawa. Daga nan sai a ce ya mutu. Amma ka ɗauki katakon gefen gadon ka duba. Sau da yawa lafiyarsa lau, har ya fi sabo kyau wajen aiki, domin ya riga ya saba da iskarmu.

Na gaske da na jabu

Ba duk abin da ya yi kama da katako ne katako ba. Wannan shi ne abu na farko da za a koya, kafin a ɓata kuɗi ko lokaci.

Akwai wanda ake yi da dusar katako. A cuɗa ta da gam, a matse ta da inji, a lulluɓe ta da takarda ko roba mai zanen katako. A ido yana da kyau. Amma in ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura kamar burodi, ya marmashe. Ba ya riƙe ƙusa sau biyu. Irin wannan ba ya cikin darasinmu.

Ga yadda ake bambanta su. Duba baki ko ƙarshen katakon, ko wurin da aka huda rami. In ka ga ɓarɓashi kamar dusa, na jabu ne. In ka ga layuka masu lanƙwasa, waɗanda suke nuna shekarun iccen, na gaske ne. Pin yana da idanu masu duhu, wato wuraren da rassa suka fito. In ka kankare shi da wuƙa za ka ji ƙamshin ƙaro. In ka danna farce zai bar alama, domin yana da taushi. Sabonsa fari ne, in ya tsufa ya koma rawaya. Ɗaga shi ka ji: na jabu ya fi shi nauyi.

Kada a ruɗa shi da farin katakon da kafintoci ke saye a kasuwa, wanda ke zuwa daga dazuzzukan Najeriya da Gana. Wancan ba shi da idanu da yawa, ba shi da ƙamshin ƙaro.

A kaya guda ana iya samun iri biyu. Sau da yawa jikin armuwar pin ne, amma bayanta da gindin aljihunanta wani siririn allo ne mai kama da kwali. Shi wannan ba ya jimiri.

Kada ya shiga ɗaki da baƙi

Tsohon gado ba ya zuwa shi kaɗai. Baƙo na farko shi ne kuɗin cizo, wanda wasu ke kira ƙazunzumi. Yana ɓuya cikin tsaguwa, da ramin ƙusa, da mahaɗin katako. Da rana ba ka ganinsa. Alamarsa ɗigo-ɗigo ne baƙaƙe, da ƙananan ƙwai farare manne a lungu. Mace guda tana iya yin ƙwai ɗaruruwa a rayuwarta. Yana kuma iya yin watanni bai sha jini ba, bai mutu ba. Saboda haka kada a ce gadon ya daɗe ba a kwana a kai ba, don haka babu kome. Cizonsa yana hana barci, yara su yi ta susa har fata ta yi gyambo.

Zafi ne maganinsa. A kwance kayan a tsakar gida, nesa da ɗaki. A tafasa ruwa a kwarara cikin kowane rami da kowace tsaguwa. A wanke da sabulu da burushi. A bar katakon ya tsane a inuwa, a jere shi a kwance, a ɗora dutse a kai don kada ya karkace. In a watan 4 ne ko watan 5, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, akwai wata dabara: a naɗe katakai cikin baƙar leda, a ɗaure, a shimfiɗa a rana kwana biyu ko uku ana juyawa. Kada a cusa da yawa cikin leda guda, domin zafi ba zai kai tsakiya ba.

Na san abin da wasu ke yi. Su ɗauko maganin gona, ko wannan da ake kira piya-piya, su fesa a gado, su rufe ɗaki, da dare a kwantar da yara. Wannan ganganci ne. Maganin da aka yi don ƙwarin gona ko na rumbu ba na wurin kwana ba ne. Ya sha halaka mutane cikin barci.

Baƙo na biyu ƙwaron cikin katako ne. Za ka ga ƙananan huji kamar na allura. Ƙwanƙwasa katakon a kan tabarma. In gari mai laushi ya zubo, ƙwaron yana ciki. In hujin kaɗan ne, baƙar leda da rana za su yi aiki. In katakon ya zama kamar rariya, a rabu da shi.

Baƙo na uku ba daga waje yake zuwa ba, a gida yake jira. Gara ce. Ba ta raga wa pin ko kaɗan. Ni kaina na ɗanɗana. Na taɓa samun wata kanta mai hawa biyar, na jingine ta da bangon ƙasa, na jera littattafan aiki a kai. Na tafi rangadi cikin damana. Da na dawo bayan ƴan makonni, daga gaba kanta tana nan yadda na bar ta. Da na jawo littafi guda sai hawa biyu suka rufto. Gara ta biyo bango ta cinye cikin katakon, ta bar ɓawo, ta haɗa da rabin takardun. Laifina ne, ba na katako ba.

Doka ita ce: pin ba ya taɓa ƙasa, ba ya taɓa bangon ƙasa. A ɗora ƙafafunsa kan dutse ko bulo na siminti. A bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango. A riƙa leƙa baya da ƙarƙashi kowane mako, musamman da damana. In an ga hanyar gara a rushe ta nan take. Shafa man dogon yaro a ƙafafu yana taimakawa, amma sai ana sakewa. Baƙin man mota da wasu ke shafawa yana korar gara, sai dai guba ne. A bar shi ga dirkar rumfa. Kada ya kusanci kayan abinci ko abin da yaro zai taɓa.

Fenti da hatimi

A nan ne maganar lafiya ta fi nauyi, don haka a karanta a hankali.

Yawancin kayan pin na masana'anta barni kawai ake shafa musu, wato man nan mai ƙyalli wanda ba ya rufe zanen katako. Wannan da sauƙi. Abin tsoro shi ne tsohon fenti mai kauri, musamman fentin mai, wanda ba a san wanda ya shafa shi ba. Wasu fenti suna da dalma a ciki. Amurka ta hana dalma a fentin gida tun 1978, amma tsofaffin kaya suna nan suna yawo. An kuma sha gano dalma a wasu fentin mai da ake sayarwa a kasuwannin Afirka. Ido ba ya iya gane ta.

Dalma tana shiga jiki ta baki da hanci. Yaro mai rarrafe ya taɓa ƙurar fenti, ya sa hannu a baki, shi ke nan. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, tana rage fahimta, tana rage jini. Ɓarnar da ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jiki da aka san ba ya cutarwa. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga ƙarshen illarta a 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinariya mai dalma ta kashe yara fiye da 400. Can daga dutse ta fito, ba daga fenti ba, kuma yawanta ya wuce misali. Amma gubar ita ce dai.

Saboda haka, katako mai tsohon fenti ba a gurza shi a bushe, ba a babbaka shi da wuta don fenti ya fita. In dole ne a cire, a jiƙa shi, a kankare da wuƙa a kan leda, a waje. A rufe hanci da baki. Yara da mata masu ciki su yi nisa. A tattara ɓawon a ƙulle cikin leda, a binne nesa da rijiya da gona. A wanke hannu da tufafi. Shawarata dai ita ce, a ware katako mai fenti don aikin da bai shafi abinci ko yara ba.

Akwai kuma pin mai launin kore-kore, irin na kujerun lambu da shinge. An dafa shi da maganin hana ruɓewa. Har zuwa wajen 2004, maganin da aka fi amfani da shi a Turai da Amurka yana ɗauke da gubar arsenik. Shi ma a nisanta shi da abinci.

Palet kuwa tana da hatimi. Tun 2002 ƙasashen duniya suka amince a riƙa kashe ƙwarin katakon da ke tsallaka iyaka, a buga masa alama. Duba gefen palet, za ka ga zane kamar zangarniyar alkama, da haruffa. Ga amfanin karatu! In ka ga HT, da zafi aka kashe ƙwarin: an gasa katakon har cikinsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30. Wannan babu magani a jikinsa. In ka ga MB, da hayaƙin wata guba aka turara shi. A bar shi don aikin waje. Ko mai HT ce, in tana da tabon mai, ko farin gari, ko wari, a ƙyale ta. Ba ka san abin da ya zube mata a hanya ba.

Duk waɗannan, mai fenti, mai barni, kore-kore da na dusa, ba a girki da su. Hayaƙinsu yana cutarwa, tokarsu ma haka. Guntun pin tsirara kaɗai ya dace da hura wuta.

Kwancewa da haɗawa

Kayan aiki kaɗan ne: guduma, zarto, awartaki, turnabis, da abin awo. Wanda ba shi da su ya ara, ko ƴan ƙungiya su haɗa kuɗi su saya.

Kada a fasa da ƙarfi. A nemi bis, wato ƙusa mai murɗi, a kwance ta ɗaya bayan ɗaya. Wasu suna ɓoye ƙarƙashin ƴar roba. Akwai wani ƙarfe zagayayye kamar kwabo da ke nutse cikin katako. Rabin juyi kawai ake yi masa, sai mahaɗin ya saki. Inda gam ya riƙe, a ɗora guntun icce a kan katakon sannan a buga, domin guduma tana lotsa pin. A tara bis da ƙusoshi cikin gwangwani, kuɗi ne.

Kada a bar katako mai ƙusa a ƙasa bakinta sama. In ƙusa ta soki mutum, a wanke da ruwa da sabulu, a tafi gidan likita ranar nan, ko da ciwon ƙarami ne. Ƙwayar ciwon tetanos, mai sanƙarar da jiki ya sarƙe haƙora, cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune. Rami mai zurfi irin na ƙusa shi ne wurin da take so. Allurar rigakafi tana hana ta.

Wajen haɗawa, pin yana tsagewa in an buga ƙusa kusa da baki. A bar santimetir 2 daga ƙarshe. A ɗan daki tsinin ƙusar da guduma ya dakushe kafin a buga, ba za ta tsaga ba. A kauce wa idanu, suna da tauri kuma suna faɗuwa. Kada a koma tsohon rami, a yi sabo. Duk abin da ke da kusurwa huɗu yana rawa, sai an gicciya masa katako daga wannan kusurwa zuwa waccan. Katako mai kaurin santimetir 2 kuwa, in zai ɗauki kaya, kada tazarar madogaransa ta wuce santimetir 80.

Akwatin abinci mai raga

In katakon da ke hannunka abu guda kawai zai isa, to wannan za ka yi.

Ƙuda yana tashi daga bayan gida da kashin dabbobi ya sauka kan tuwo da fura. Da ƙafafunsa yake kawo zawo da atuni. Faifai yana rufe ƙwarya, amma iska tana ture shi, kaza da akuya da kusu ba sa jin tsoronsa. Akwatin raga yana tsare su duka, iska kuma tana shiga.

Abin da ya fi dacewa shi ne ƙaramar armuwar mai aljihu uku ko huɗu. A zare aljihunan. A cire siririn allon baya. Abin da ya rage gida ne mai rufi da gefe biyu. A gicciya katako a baya don ya daina rawa. A yanka taga a kowane gefe, a bar santimetir 8 ko 10 kewaye. A rufe baya da tagogin da ragar waya mai ƙananan idanu, irin ta hana sauro. A danne bakin ragar da siririn katako, kada a dogara da ƙusa kaɗai, za ta yage.

Fuskokin aljihunan su ne za su zama hawa-hawa a ciki. A bar ɗan fili tsakaninsu don iska ta ratsa. A auna tsawon tukunya da kwanon gidan kafin a kafa su. Na ga wanda ya gama aikinsa tsaf, tukunyar miya ta ƙi shiga.

Ƙofa da katakan shimfiɗar gado ake yin ta. Guda huɗu a kewaye, guda a gicciye, sannan raga. In babu ƙarfen maƙala ƙofa, guntun fata ko robar taya ya isa. A sa mata sakata sama, inda hannun ƙaramin yaro ba ya kai. Ƙofar ta rufu ruf. Inda ɗan yatsa ya shiga, ƙuda da kyankyaso za su shiga.

A yi masa ƙafafu masu tsawon santimetir 20. A sa kowace ƙafa cikin gwangwani mai busasshiyar toka, saboda kiyashi. Cikin akwatin kada a shafa kome, ko fenti ko mai. A gurza shi ya yi sumul, a riƙa wankewa da sabulu ana shanyawa. Man gyaɗa da wasu ke shafawa don ƙyalli yana yin wari, yana kiran tururuwa.

Sai gargaɗi biyu. Na farko, akwatin nan ba firji ba ne. Yana hana ƙuda, ba ya hana abinci lalacewa. Dafaffen abinci in ya wuce sa'a biyu a ajiye cikin zafi, ƙwayoyin cuta sun fara yawa. Ɗumame sai ya yi zafi har ciki, miya sai ta tafasa. Kunun jariri kuwa a dama sabo. Na biyu, duk abin da ya yi tsawo, akwati ne ko kanta, a ɗaure samansa da waya a jikin turke ko ƙarfen da aka kafa a bango. Pin ba shi da nauyi, yaro yana hawa zai rinjaye shi. A 2016 kamfanin IKEA ya janye armuwar masu aljihu miliyan 29 daga kasuwar Amurka, bayan wasunsu sun faɗo kan ƙananan yara sun mutu.

Abin da ya rage

Aljihunan da aka zare ba a yar da su. A sake musu fuska da gindi da guntayen katako, a bar ƴan kafofi don ruwa ya tsiyaye. A zuba ƙasa mai zurfin santimetir 10 gauraye da ruɓaɓɓen taki da rairayi. Ga akwatin renon tumatir, shu da salati don noman rani. Amfaninsa, ana ɗaga shi daga kaji da kwaɗi, a kai inuwa in rana ta yi zafi. Ruwa zai ruɓar da shi bayan shekara ɗaya ko biyu. Babu asara, ya biya kuɗinsa.

Akwati mai santimetir 30 ta kowane gefe ya ishi kaza yin ƙwai. Guda ɗaya yana isar kaji huɗu ko biyar. A sa ciyawa da ɗan toka, a riƙa fitar da shi rana saboda ƙuma.

Dogayen katakan gefen gado biyu, in an jera su, sun zama benci. A sa ƙafa uku, biyu a baki ɗaya a tsakiya. Sauran katakan shimfiɗa su zama ragayar shanya kwanoni, mai tsawon ƙugu, a rana.

Mutane suna son yin mazaunin randa da pin. Ban ba da shawara ba. Randa mai litir 40 nauyin ruwanta kaɗai kilo 40 ne, kuma kullum tana tsatsafo. Katakon zai ruɓe, wata rana ya karye. A bar randa kan dutse. A yi mata marufi da katako tsirara, a kafa ƙusa a gefe don rataye moɗa.

Aikin lissafi

A yi waɗannan a littafi, a kai wa malami ranar karatu.

1. Gado yana da katakan shimfiɗa 14, kowane santimetir 90. Ƙofar akwati ta ci 5. Nawa suka rage?

2. Daga katako mai santimetir 90 an yanke 70. In an yi haka sau 2, santimetir nawa ne jimillar guntayen da suka rage?

3. Palet irin ta Turai tana da tsawon santimetir 120, faɗin 80, da katakai 11, da ƙusoshi 78. In ƙusa 1 cikin kowace 3 ta lalace wajen cirewa, nawa za a samu masu kyau?

4. Mai kaji 18 akwatin ƙwai nawa zai yi, in kowane akwati na kaji 5 ne?